Zuwa ga Zuliha, a Kan Dodon da Na Kashe

Yelwa-Yauri,
Jihar Kebbi,
16 ga Yuni, 1992.

Zuwa ga Zuliha 'yar Sabon Gungu, farin watan bakin tafki, inuwar rimi a tsakar rani, giwan ruwa a cikin kwandon ƙurungu, wadda in ta sako ƙafa daga jirgi ranar kasuwar Yelwa masu awon shinkafa ke cika mudu har ya zube ba su sani ba. Ya ke mai wushiryar da ta hana ni jin magana, mai tafiyar da ta fi kwalekwale a kwantaccen ruwa natsuwa, amincin Allah ya tabbata a gare ki, da Kaka Tabawa, da duk wanda ya taɓa shan ruwa a randar gidanku.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, in kin tambayi lafiyata, to gangar jiki tana nan, tana zuwa makaranta tana koya wa 'yan aji huɗu tilo da jam'i. Mai jikin ne yau kasuwa uku ba a san inda ya shiga ba. Kasuwa uku, Zuliha! Kowace ranar kasuwa nakan je kwata in tsaya ina duban jiragen da ke fitowa daga ƙetare. A sauke kifi, a sauke itace, a sauke awaki, a sauke tsofaffi, ke kaɗai ce ba a saukewa. Rumfarki tana nan wayam, har Ladidi maƙwabciyarki ta fara ajiye kwandunanta a ciki. In ta hango ni sai ta ce, "Malam Mati, yau ma dodo ya hana ta hitowa?" Ni kuwa in yi yaƙe in wuce, don na san abin da na shuka.

Na san laifina, ba sai an aiko mini da sammaci ba. Laifi biyu ne. Na kashe Garwashi, dodon littafina, bayan kin roƙe ni in bar shi. Na kuma ɗauki wasiƙarki, wasiƙa ɗaya tilo da kika taɓa rubuto mini a duniya, na yi mata ba'a a bayan littafi, aka buga aka watsa daga Shanga har Ngaski, ban san taki ba ce. Ki daure ki bar ni in faro zancen daga tushe. Ba wanke kaina nake so in yi ba, duk ruwan tafkin nan ba zai iya wannan aikin ba. So nake ki ga yadda wauta take yaɗo a hankali kamar kabewa, mai ita yana yi mata ban ruwa yana jin daɗi.

Kin tuna bara, ranar da ruwan sama ya tsare ni a rumfarki? Na zo sayen kifin da Inna ta aike ni, hadari ya haɗo daga gabas, kasuwa ta watse, muka rage daga ni sai ke sai ƙamshin banda. A ranar kika ba ni labarin Gungun Rimi, tsibirin kakanninki, wanda ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse kogi, tun ba a haife ki ba. Kika ce an kwashe mutanenku an kai su gidajen siminti a gaɓar ƙetare, aka sa wa wurin Sabon Gungu, ko da yake tsibirin babu shi sai suna. Kika ce duk shekara in ruwa ya janye kafin damina ta zauna, busasshen kan tsohon rimin garin yakan leƙo sama, Kaka Tabawa kuma takan sa a kai ta a kwalekwale, ta dafa reshen, ta yi gaisuwa, ta dawo. Kin faɗi wasu abubuwan ma, na tabbata kin faɗa, amma ni wushiryarki nake kallo. Da ruwa ya ɗauke na koma gida babu kifi, Inna ta yi faɗa har ta gaji, ni kuwa na ja kujera na ɗauki biro.

Abin da ya fito kin san shi, tunda ke na fara miƙa wa: Garwashi, Dodon Ƙarƙashin Tafki, littafi na ɗaya, domin samari da 'yan mata. Dodo mai fuka-fuki kamar rumfunan kasuwa biyu, mai ɓawo irin na giwan ruwa, mai fitar da wuta ta hanci, kwance a kan tulin zinariya a wani birni mai ƙofa bakwai da ruwa ya ci. Da kuma saurayi Gagarau, dogo, mai faɗin ƙirji, wanda ya nutse kwana bakwai bai fito shan iska ba. Waɗanda suka san ni sun ce Gagarau ya ɗebo kama da ni ta wajen kunnuwa. Na tsayar da labarin daidai inda ya zare takobi a kan dodo, sannan na yi irin ta marubutan zamani, na rubuta a shafin ƙarshe: "Masu karatu, a kashe shi ko a bar shi? Ku aiko da ra'ayinku, za mu buga a littafi na biyu." Na sa adireshin makarantarmu a ƙasa, ban san na buɗe wa kaina ƙofar da ba ta rufuwa ba.

Wasiƙu suka yi ta zuwa har hedimasta ya ce akwatin gidan waya na makaranta ne, ba na dodo ba. Ya abar ƙaunata, da kin ga abin da mutanen ƙasar nan suka yi da littafin da son ki ya sa na rubuta!

Haruna, wani masunci daga Shanga, ya sa aka rubuto masa cewa shekararsa arba'in a kan ruwa bai taɓa ganin ashana ta kama a jiƙe ba, balle hanci. Ya ƙara da cewa in dai dabbar tana nan da gaske, to yanzu ya gane inda kifi ya tafi, a kashe ta kowa ya huta. Tamada, 'yar sakandare daga Ngaski, ta cika shafi huɗu tana cewa littafi ba soyayya miya ce ba gishiri. Shawararta ita ce a samo wa Garwashi mata, wai duk wannan aman wutar gwaurantaka ce ke damunsa. Ladidi ba ta wahalar da gidan waya ba, a baki ta ba ni nata. Ta ce dabbar da ke hura wuta kyauta, a zamanin da itace ya yi wuya, wane mahaukaci zai kashe ta? A ɗaure mata ita a bayan murhun banda kawai.

Wani malami ya nemi sanin ko Garwashi kifi ne, tunda yana da ɓawo, ko tsuntsu ne, tunda yana da fuka-fuki, don a san ko yana buƙatar yanka. Wani mai wa'azin coci ya aiko da shafi uku na gargaɗi, duk an ja layi a ƙarƙashin sunana. Daga baya na ji su biyun sun haɗu a tashar mota, sun gaisa, sun kuma yi ittifaƙi cewa gara in koma noman albasa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali wani ma'aikaci ne daga babban birnin jiha, da takarda bugun tafireta. Ya ce tunda bara aka ba mu jiharmu, ana kuma rabon kaya tsakaninmu da Sakkwato, yana so a fayyace masa ko dodon ya faɗo a kasonmu. In kuma wutsiyarsa ta miƙe ta shiga ruwan Neja, to a bayyana tun yanzu, kada gobe a yi rigimar iyaka. A ƙarshe ya roƙi kada a taɓa shi sai an tabbatar ko ɗan asalin jiha ne.

Sauran kuwa yabo ne zalla, irin mai sa hula ta matse kai. "Malam Mati fasihi." "Malam Mati tafkin hikima." Waɗannan a aljihun gaba nake ajiye su, in an fita tara in zaro in sake karantawa a gindin darbejiya. Kaina ya kumbura, Zuliha, har na fara gaisawa da mutane da hannu ɗaya ina kallon wani wuri.

Ana cikin haka wata 'yar takarda ta zo, an yago ta daga littafin rubutu, an ninke ta huɗu, tana ɗan ƙamshin hayaƙi. Yau na haddace ta kamar karatun allo, bari in maimaita miki abin da hannunki ya rubuta:

"Malam marubuci, littahinka ya yi daɗi, na karanta ma kakata shi har sau ukku. Amma ba ka san ruwa ba. Ginin ƙasa ba ya kwana bakwai cikin ruwa, balle shekara ashirin, kuma babu zinariya garin da ruwa yac ci. Abin da anka baro can, dutsin niƙa ne da yaf fi ƙarhin kwalekwale, da kushewun mutane. Kakata ta ce tun da anka tashe su hankalinta bai kwanta ba, don ta baro mijinta babu mai gadi, sai da taj ji akwai Garwashi. Don Allah kak ka kashe shi. In kana so ka ga wurin, ruwa na janyewa kamin damana ta zauna. Wata mai karatu, daga ƙetare."

Za ki ce ta yaya ban gane ba? Wace amsa ce ban ba kaina ba a makonnin nan? Na ce garuruwan da ruwa ya ci suna da yawa, kowanne kuma da kakarsa. Na ce shekara guda ina rubuto miki wasiƙu, ke kuwa sai dai ki ba ni amsa da baki ranar kasuwa, ban taɓa ganin rubutunki ba. Duk gaskiya ne, kuma duk kame-kame ne. Ainihin maganar ita ce, da na iso kan "ba ka san ruwa ba" idona ya rufe. Sauran wasiƙar na bi ta da ido kawai, kamar yadda ɗan aji huɗu ke bin allo in ya ji ƙamshin ƙosai. Na ga dutsen niƙa na yi dariya. Kushewa kuwa, wallahi, ban ma tsaya a kanta ba.

Kin taɓa inda ke mini ciwo ne, ya sanyin idona, wurin da shekara guda ina ɓoye miki. Yau zan faɗa da bakina. Ni Mati, haifaffen Yelwa, mai shekara ashirin da takwas, wanda ke jin ƙarar injin jirgi daga ɗakinsa, ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Ina ɗan shekara bakwai na faɗa kududdufin bayan gidanmu, ruwan bai wuce gwiwa ba, wata maƙwabciya ta jawo ni da muciya, tun daga ranar ni da ruwa sai a kofi. Kin gayyace ni Sabon Gungu bikin sunan 'yar yayarki, na ce jarrabawa. Kin gayyace ni da salla, na ce Inna ba ta jin daɗi, alhali tana tsakar gida tana faskare. Daga nan na koma kan ciwon haƙori. Haƙorin nan sau huɗu yana tashi, kuma bai taɓa tashi ba sai ranar da jirgi zai tashi. Gagarau ya yi kwana bakwai a ƙarƙashin tafki, wanda ya ƙago shi kuwa in damina ta cika kwalbatin unguwa sai ya zagaya ta bayan masallaci.

To, mai wannan sirrin aka ce wa bai san ruwa ba. Kafin wasiƙarki ta zo, Allah shi ne shaida, niyyata in bar Garwashi da ransa. Da ta zo sai na fasa. Na sa Gagarau ya soke shi sau bakwai a shafi na saba'in, na ɓata shafi biyu cur ina kwatanta yadda wutarsa ta mutu. Sannan a bayan littafi, bayan na jera masu yabo kowa da sunansa da garinsa, na buga wasiƙarki na sa amsa a ƙasanta: "Ga wata kuma daga ƙetare da ke son dodo ya yi gadin dutsen niƙa. Gobe sai ta ce ya yi mata surfe. 'Yar'uwa, ba kowa ake rubuta wa littafi ba, wani amfaninsa da takarda bai wuce naɗe kifi ba. Marubuci ya san ruwa tun kafin ki san baƙi da wasali."

Da ma a nan na tsaya! Amma ina, sai da na ɗauko littafi na biyu ranar da ya iso daga maɗaba'a, na zo rumfarki da sabuwar hula, na buɗe shafin, na karanta miki amsar nan da bakina. Har da ƙanƙance murya wajen karanta wasiƙar, don ta fi ba da dariya. Ladidi ta yi ta ƙyaƙyatawa har tana dukan cinya. Ke kuwa kina ta jera kifi a faranti, ba ki ɗago ba, sai da na gama kika ce, "Ka iya magana, Malam." Ni kuma na tafi gida ina murna an yabe ni.

Kasuwa ta zagayo ba ki zo ba, na ce ko zazzaɓi. Ta biyu ba ki zo ba, na ce ko Kaka ce. A ta uku Basiru mai jirgi ya kira ni gefe a kwata, ya miƙo mini ƙunshi, ya ce, "Malam, Zuliha ta ce in ba ka wanga. Ta ce ka duba takardar kamin ka yas." Tarwaɗa ce banda, babba, irin wadda kike ware mini. An naɗe ta a shafin amsata, mai ya jiƙa sunana, a gefe kuma an rubuta da biro: "Ga amfanin da nas samu. Wata mai karatu, daga ƙetare." Na ruga gida na zaro waccan 'yar takardar na jera su. Hannu ɗaya ne, har yadda kike lanƙwasa wutsiyar "y". Na zauna a bakin gado ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Kifin ma na cinye shi, ba zan yi miki ƙarya ba, ina ci ina kuka, don ko cikin fushi ba ki iya bandar banza ba.

Da na koma wurin Basiru ya ƙarasa ni. Ya ce kin so ki ɓoye wa Kaka ƙarshen labarin, amma 'yan matan garinku sun riga ki, labari ya kai mata a bakin rijiya. Ya ce da Kaka ta ji sai ta ce, "To, yanzu wa ka gadin maigida?" Ya ce bana ruwa ya janye, rimi ya leƙo tun kwana goma, amma tsohuwa ta ce ba ta zuwa, wai da wane baki za ta faɗa masa an kashe mai gadinsa.

Na san Kaka ba yarinya ba ce. Ta san Garwashi tawada ne da takarda, ta fi ni sani. Amma shekara ashirin da huɗu tana kwana a ɗakin siminti, mijinta yana can ƙarƙashin ruwan da jirage ke bi ta kansa da inji, babu wanda ya taɓa ce mata ko da wasa akwai mai kula da wurin. Littafina ne ya fara faɗa, shi ma bisa kuskure, don ni zinariya na sa shi gadi. Abu ɗaya mai amfani da alƙalamina ya taɓa yi a duniya ke nan, na kuma bi shi da takobi na soke sau bakwai, don wata ta faɗi gaskiya a kan ni da kududdufi.

Masu karatu kuwa, kada ki ɗauka sun bar ni. Waɗanda suka ce a kashe su ne yanzu suka fi kowa zaman makoki. Haruna na Shanga ya aiko yana tambayar inda aka kai gawar, don in an bar ta a ruwa kifin da ya rage ma zai gudu. Tamada ta ce na kashe bawan Allah bai ko yi aure ba, ta kuma yi rantsuwa ba za ta ƙara karanta littafin namiji ba. Malamin nan ya ce tunda suka aka yi ba yanka ba, to tambayarsa ta faɗi. Ma'aikacin birni ya rubuto cewa an yi wa jiha asarar kadara ba tare da sanarwa ba. Duk na karanta na ajiye, ko gezau. Wasiƙa ɗari da ashirin a cikin kwali, Zuliha, guda ɗaya ce ta karanta littafin da gaske, ita ce kuma na ce ta je ta naɗe kifi.

Ya ke tauraruwar asubahin masunta, ya ke ruwan randa ga mai azumi, me zan yi da hannun da ya rubuta wannan? In yanke shi, da me zan rubuta neman gafara? In ce ki manta, an buga, yana cikin akwatunan 'yan mata daga nan har Wara. Rana ba ta fito mini daidai ba tun da kika ɗauke ƙafa. Tuwo ya zama ƙasa a bakina, alli ya yi mini nauyi, jiya na rubuta sunanki a allo a wurin misalin tilo, yara suka kwafe. In ce ina son ki, wannan kin daɗe da ji, har kin san inda nake tsayawa in ja numfashi. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne ina jin kunyarki, kuma ina tsoron kada in rasa ki, tsoron da ya fi wanda nake yi wa ruwa. Na auna su biyun a makon nan, na ga wanda ya rinjaya.

Ga alkawarina. Za a yi littafi na uku, kuma Garwashi bai mutu ba. Gagarau ne bai iya duba numfashi ba, ya ga dodo ya rufe ido ya ɗauka shi ke nan, ya fito yana cika baki, irin halin wanda ya yi kama da shi ta kunnuwa. Zan kwashe zinariyar nan kaf, in rushe ƙofofi bakwai ɗin, in bar dutsen niƙa da kushewu da saiwar rimi, dodo ya naɗe jikinsa a kansu ya rage wutarsa don kada ya dami masu barci. Wasiƙarki za ta zo a shafin farko, kafin sunana, a ƙasanta kuma amsa layi ɗaya: "Mai karatu ta yi gaskiya." In kin yarda in sa sunanki, in sa. In ba ki yarda ba, ki zauna a matsayin wata daga ƙetare, ni dai na san ko wace ce.

Sai dai ba zan rubuta ko harafi ɗaya ba sai na ga wurin. Kin ce ruwa na janyewa kafin damina ta zauna, ga shi hadari ya fara haɗuwa kullum la'asar, in na ƙara jinkiri rimi zai koma ƙasa, Kaka ta rasa gaisuwar bana saboda ni. Don haka ranar kasuwa mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shigo jirgin Basiru na komawa. Na riga na gaya masa, ya yi dariya har ya zauna a kan buhu. Na samo gora babba irin wadda masunta ke hawa a kan ruwa, na kuma tanadi jarka biyu da igiya, don kada in nutse. Basiru ya ce jarkokin za su ci wurin mutum guda, na ce su ci. Inna ta ce in bari sai rani, na ce mata rimi ba ya jira. Na gyara takardun yara na miƙa wa hedimasta, na kuma gaya masa inda makullin kabad yake, ya dube ni kamar mai shirin tafiya Makka a ƙasa.

Saboda haka in jirgi ya iso gaɓarku, kada ki nemi dogo mai faɗin ƙirji a tsaye a goshin jirgi. Ki duba ƙasa, tsakanin buhunan gishiri da garwar kananzir. In kin ga mutum kwance rub da ciki, ya rungume gora, jarka biyu ɗaure a ƙugu, ido rufe, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa, to marubucin Garwashi ne ya iso. Ki yi dariya, na yafe, ki kira duk 'yan matan garin su taya ki. Abin da nake roƙo kawai, ki kai ni gaban Kaka in durƙusa. In ta yarda, washegari da hantsi a sa mu a kwalekwale ni da ita da ke, a kai mu rimi. Ita ta dafa reshe ta yi gaisuwarta, ni kuma in buɗe ido, ko sau ɗaya ne, in leƙa ruwan, in gaya wa maigidanta da bakina cewa mai gadinsa na nan, ƙarya aka yi masa.

In kin ƙi ganina, ba zan ce kin zalunce ni ba. Zan kwana a gaɓa in jira jirgin komawa, in sake dawowa wata kasuwar, in sake, har ko dai ki haƙura ko Basiru ya gaji ya koya mini tuƙi. Ba ni da wata sai ke, ba kuma zan yi ba, ko da 'yan matan Ngaski duka sun aiko da wasiƙa shafi huɗu-huɗu.

Basiru ya ce hanyarsa ta kusa da rimin take bi, ya ce kuma akwai kututture a ruwan wurin, amma ya san su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yansa. Na yarda da shi, na kuma yarda da Allah. In mun iso lafiya, alhamdu lillahi. In kuwa an wayi gari gora ta iso gaɓarku ita kaɗai, kada ki yi kuka da yawa, ki je ki gaya wa Kaka ta kwantar da hankalinta, an samu mai gadi.

Naki har ranar da tafki zai janye ya mayar muku da Gungun Rimi,

Mati,
malamin aji huɗu,
wanda bai san ruwa ba.